Ranar da Aka Tsince Ni a Gwarinpa

Ni da na san Abuja tun tana daji, wai 'yata za ta turo mini taswira ranar sunan jikana! Na ce a zamaninmu da ka muke gane hanya. Na bar wayar a gida, a Lugbe, na nufi Gwarinpa.

Rumfar farko da na gani na shige, na ci shinkafa, na rangaɗa wa jariri addu'a. Matar gidan ta ce, “Baba, oga ne fa ya yi ritaya.”

Allah ya saka mata da alheri, ta sa hotona a gurup ɗin unguwa na WhatsApp, surukina ya gani ya zo ya kwashe ni kafin a watse taron suna. Har yau gaisuwata a majalisa ita ce, “Alhaji, yau wa ya tsinto ka?”