Yadda Na Koma Aji Uku da Furfurata

Yau da safe an sa ni tsintar leda a filin makaranta saboda na makara. Layin mai ne ya riƙe ni. Tun da gari ya waye nake tsaye da jarka don ɗan janaretan shagona na ɗinki, sai da na zo daf da gaba mai zuba man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Na ruga gida, na zura yunifom, na isa an riga an kaɗa ƙararrawa. Hedimasta, wanda ni na ɗinka rigar da ke jikinsa, ya tare ni a bakin ƙofa.

"Tela, ka makara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na girme ka fa."

Ya ce, "A waje ka girme ni. A nan ciki ɗan aji uku ne kai. Ga leda can."

Gaskiyarsa ce, jama'a. Ni ɗan aji uku ne, da gemuna da furfurata da ciwon gwiwata. Kafin ku ce zafin injin ɗinki ne ya taɓa ni, ku bari in gaya muku yadda aka yi.

Makarantu biyu ne a unguwarmu. Akwai tsohuwa a bayan gidana, mai benci da alli da rufin da iska ta tafi da rabinsa. Akwai kuma sabuwa can ƙetaren babban titi, duk gilashi da fenti. Ita wannan babu malami a cikinta. Ƙatuwar talabijin ce a bango, wani mutum daga nesa yana ta magana, sai kwamfutocin hannu da aka kulle a kabad don kada yara su ɓata su.

Kwanakin baya aka tara iyaye a tsohuwar makaranta, aka ce Mai Girma Babban Ma'aunin Kawunan Yara zai zo. Ya zo kuwa, da jerin motoci da ƙwararrunsa masu kwat. Ya ce sun yi bincike mai zurfi, sun gano abin da ake kashe wa kowane yaro a makarantarmu ya fi na sabuwar ninkin ba ninkin. Ya ce idan farashin kan yaro bai sauka ba kafin ƙarshen zango, za a rufe, a kwashe yaran a kai su gaban talabijin. Da ya ambaci abin da wai ake kashe wa yaro ɗaya, sai da na dafa bango, don ko wata mai kyau ba na samun haka a shago.

Maƙwabcina Mahauci, mutumin da ba ya iya haɗiye magana, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, wannan kuɗin, ta wace ƙofa yake shigowa? Mu dai ba mu taɓa cin karo da shi ba."

Babban ƙwararren ya yi murmushin tausayi. Ya ce akwai kuɗin gyaran rufi a ciki.

"Ai ba a gyara rufin ba."

"An ware kuɗin. Abin da aka ware kuma an kashe ke nan."

"To ina ya tafi?"

"Wannan ba sashenmu ba ne, mu rabawa kawai muke yi."

Ya ƙara da cewa har man motocin da suka kawo su, da masaukinsu, da ruwan robar da ke gabansu, duk a kan yaranmu aka ɗora, tunda don su aka zo. Na lura daga nan Mahauci bai ƙara ɗauke ido daga ruwan ba, duk kurɓar da aka yi sai ya yi tsaki.

Na tambaya, to ita sabuwar fa, da gilashinta da talabijin ɗinta da bikin buɗewar da aka kwana ana yi? Aka ce wannan jari ne, ba kashewa ba. Ɗalibanta kuma, duk wanda ya taɓa danna maɓallin talabijin ɗin an rubuta shi. Ranar buɗewa kowa ya danna, da direbobi da masu ɗaukar hoto da 'yan kallo. Mai Girma da kansa ɗalibi ne a can, don shi ya fara dannawa. Allah ya ƙara wa manyanmu basira, ni dai ban taɓa ganin lissafi mai tsafta irin wannan ba.

Da na koma gida na kira 'yata Auta, na tsayar da ita a tsakar gida, na juya ta gaba, na juya ta baya, na leƙa jakarta. Uwar yara ta ajiye wanki.

"Me kake nema a jikin yarinya?"

"Dukiyar da aka zuba mata."

"To in ka gani ka cire na takalmi, wancan ya tsinke."

Na yi dariya, amma a raina tsoro ne. Auta yarinya ce da ba ta magana a wajen gida. Har ta shiga makaranta mutane suna tambayata a ɓoye ko bebiya ce. Malamar aji uku ce ta zauna da ita lokacin tara, rana bayan rana, tana nuna mata baƙi da yatsa, tana jira, ba ta gajiya da jira. Wata rana muna tafiya a titi sai na ji wata 'yar murya a gefena tana karanta allon wani kanti. Na waiga ban ga kowa ba sai Auta. Tun daga ranar babu allon da ya tsira a unguwa, har na masu maganin basir sai ta karanta da ƙarfi. Wannan malamar ce za a raba ta da ita, a kai ta gaban bango mai magana. Ban yarda ba, kuma ban san abin yi ba.

Mahauci ne ya zo da dabara. Ya same ni a shago, ya zauna a kan yadin mutane.

"Tela, ni aikina ke nan, rabon nama. Idan masu karɓa suka yi yawa, kason kowa sai ya ƙanƙance. Su ba rabawa suke yi ba? To mu ƙara musu kawuna."

"A ina za mu samo yara? Haifa za mu yi kafin ƙarshen zango?"

"Wa ya ce yara? Kawuna suka ce. Kai ba ka da kai?"

Muka je wajen Hedimasta. Ya duba doka sama da ƙasa, ya ce ta faɗi shekarun da yaro zai kai kafin a ɗauke shi, amma ba ta faɗi inda ake tsayawa ba. Washegari layin shiga makaranta ya fi layin mai tsawo. Da ni, da Mahauci, da bakanike, da mai wanki da guga, da wata tsohuwa mai sayar da gawayi da jikokinta suka riƙo mata hannu. Ni na ɗinka yunifom ɗin kowa. Tumbin Mahauci kaɗai ya ci yadin da zai ishi benci guda.

Ni da shi muka zaɓi aji uku, don mu sa ido a kan abin da muke karewa, sauran ma duk suka biyo mu. Ranar farko benci ya karye. Rana ta biyu aka kama Mahauci yana leƙen littafin ɗansa, ɗan kuma ya kai ƙara. Tsohuwa mai gawayi ta samu gefen da rufi ya rage, tana zuwa ta yi barcinta, ta ce rabonta da hutu irin wannan tun tana amarya. Malama kuwa ba ta taɓa yi mana dariya ba. "Baban Auta, a gyara riƙon fensir," haka take cewa, ni kuma in ce, "To, Malama," in gyara.

A gida ne abin ya fi ciwo. Da na shigo uwar yara za ta ce, "An yi aikin gida?" In ce ina da ɗinkin mutane. Ta ce, "Ɗinki ba ya hana Auta, kuma ta fi ka maki." Na ce Auta ba ta ɗinki. Ta ce, "Kai ma ba ka karatu." Da safe kuma sai ta miƙa wa Auta kuɗin tara, ta miƙa mini nawa, daga aljihuna.

Ranar da Mai Girma zai dawo ƙirga, hankalinmu ya tashi. Mahauci ya aske gemu ƙwal. Bakanike ya wanke hannu har ya ga kalar fatarsa. Aka tura dogaye baya, aka ce mu rage tsawo. Ni dai na ce asirinmu ya tonu, don wanda zai ga tsohuwa mai gawayi ya ce 'yar firamare ce sai dai in ba ya gani.

Ashe ban san manya ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya da baƙin tabarau, yana nuna kawuna da biro, ƙwararre na biye da shi yana danna kalkuleta. Da ya zo kaina ya ɗan dakata.

"Wannan yaron ya yi girma."

Hedimasta ya ce, "Cin abinci ne, ranka ya daɗe."

"Madalla! Ku rubuta, shirinmu na ciyar da ɗalibai yana aiki."

Shirin da ko cokalinsa ba mu taɓa gani ba. Amma sai na ƙara kumbura kumatu don in taimaka wa shirin.

Ƙwararre ya gama danne-danne ya raɗa masa a kunne. Mai Girma ya cire tabarau. Ya ce a duk makarantun da ya auna, babu inda kan yaro ya kai namu araha, har mun doke ta gilashi. Ba za a rufe ba. Jama'a, mun yi tafi har tafin hannu ya yi ja. Mahauci ya rungume ni, na ji ƙasusuwana suna ƙara. Auta ta dube ni tana dariya, na ce a raina ko gobe aka mayar da ni aji ɗaya na yarda.

Da ma a nan ya shiga mota. Sai ya waiwayo.

"Wai wa ke koyar da duk wannan taron?"

Malama ta fito gaba, da alli a hannunta.

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe."

Ya dubi ƙwararre, ƙwararre ya dubi kalkuleta. Mai Girma ya ce barin irin wannan malama a aji ɗaya ɓarna ce da almubazzaranci. Idan aka raba ta tsakanin waɗannan kawunan ta yi araha haka, to idan aka raba ta tsakanin yaran dukkan makarantu fa? Ai ta kusa zama kyauta. Nan take ya ba da umarni a ƙara mata girma, a kai ta babban ofis a riƙa ɗaukar darasinta ana sakawa a talabijin. Mu kuma, ladan ƙoƙarinmu, za a kafa mana tamu talabijin ɗin a bango. Ya kuma ja kunnen Hedimasta cewa idan kai ɗaya ya ragu, farashi zai tashi, kuma maganar rufewa za ta dawo.

Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai yaran da sai an zauna da su..."

Ya ce, "Yanzu ai za ki zauna da dukkansu." Aka yi masa tafi, ƙwararru ne suka fara.

A hanyar gida na ce wa Mahauci, "Ga rabon namanka nan." Ya ce, "Tela, ni na saba raba nama. Ban san har mai yankan suke rabawa ba." Na ga idonsa ya yi ja.

To haka muke yanzu. Makaranta ta tsira, rufin yana nan yadda yake, an dai rufa wa talabijin leda saboda ruwa. Mu iyaye ba mu da damar fita, don kowane ɗayanmu ginshiƙin araha ne. Ran nan tsohuwa mai gawayi ta yi zazzaɓi, sai da aka ɗauko ta a baro.

Yau bayan na gama hukuncina na shiga aji, na zauna kusa da Auta. An ci sa'a akwai wuta. Malama ta bayyana a bango, da sabon mayafi, tana murmushi. Ta rubuta layi ɗaya, ta juyo ta ce, "Wa zai karanta mana wannan?"

Auta ta ɗaga hannu. Ta miƙe shi sosai har tana tashi daga benci.

Malama ta kalli wani wuri sama da kawunanmu, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Da kyau! A tafa masa." Ta wuce layi na gaba.

Hannun Auta bai sauka ba. Aka yi layi na biyu, aka yi na uku, yana sama. Na sunkuya na ce, "Auta, karanta mini, ina jin ki."

Ta dube ni ta ce, "Baba, kai ai ɗan aji ne."

Ta sauke hannun ta ɗora a cinya. Har aka tashi ban sake jin muryarta ba, kuma mun wuce alluna da yawa a hanyar gida.

Da yamma Hedimasta ya leƙo shago, ya ce in gaya wa 'yan ajinmu su shirya, zango mai zuwa Mai Girma zai dawo da sabon ma'auni. Wannan karon shiru zai auna, wai ƙwararru sun gano ajin da ya fi shiru shi ya fi natsuwa, kuma za a ba da kyauta. Ku fara taya ni murna tun yanzu, jama'a. Yadda nake ganin abin nan, 'yata ce za ta zo ta ɗaya.