Waƙi'ar Safara'u da Littafi na Uku

"Wallahi ba zan karɓa ba, Yaya."

Da wannan kalima aka buɗe fagen fama, kuma wadda ta furta ta ita ce Safara'u 'yar Malam Ilu mai gyaran agogo, jikar Hajiya Tasalla wadda ta taɓa korar ɓarawon kaji da muciya, sadaukiyar Tudun Wadar Gusau, ma'abuciyar digiri da tabarau, giwar da ba ta ba da aron caja. Wadda aka yi wa tawayen kuwa yayarta ce Hajo, tana tsaye da waya a hannu.

Ga asalin fitinar. Duniyar littattafan waya ta rabu dauloli biyu: kamfani mai koren tambari da kamfani mai shuɗi, kowanne da kasuwarsa da na'urarsa, kuma littafin da aka saya a wannan daula ba ya buɗuwa a waccan, don an garƙame shi da kulle marar ganuwa. Safara'u ta daɗe da yi wa Kore mubaya'a. A tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi ta sayi littafi na uku, na ƙarshe, na labarin da ya hana matan gidan sakat. Ba ta ko fara shi ba kawunta ya dawo daga Umra ya kawo mata tsarabar allon karatu na lantarki, siriri, mai farin shafi kamar takarda. Na Shuɗi ne.

Ta tura littafin cikin allon. Allon ya ce bai san irin wannan fayil ba.

"Ke, tun jiya aka fitar da shi a guruf," in ji Hajo. "A buɗe yake, ko wayar Inna za ta karanta shi. Karɓi in turo miki, malamar boko."

To amma a shafin farko marubuciyar ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa wadda ta fitar mata da littafi da wadda ta karɓa, duka ba ta yafe ba, sai an haɗu gobe kiyama. Wannan kullen ya fi na kamfani ƙarfi, kuma Safara'u ba ta shirya tsayuwar hisabi kan labarin soyayya ba.

Sai ta ɗaura ɗamara, ta loda data, ta yi kirari: "Da halalina na saya, a allona zan karanta!" Ta ja rundunar manhajojin juya fayil ta dira ƙofar Shuɗi. Ta farko ta miƙo mata bangon littafi da shafuka fari fat. Ta biyu ta cika mata waya da tallan maganin ƙiba. Ta aika wa kamfanin saƙo da Turancin da ya ci jarrabawa, inji ya amsa yana gode mata bisa haƙurinta.

Da nasara ta yi wuya, jaruma ta janye zuwa ganuwa, wato bayan firij, inda soket ɗaya mai lafiya yake, domin tsohuwar wayar ba ta rayuwa sai a jikin caja. Nan ta durƙusa duk lokacin da aka kawo wuta, wuya a karkace, ido na hawaye, tana tsinto kalmomi tsakanin tsagogin gilashi, ta ɗaure kunnuwa da ɗankwali saboda duk gidan sun gama na satan, bakinsu na ƙaiƙayi. Hajo ta wuce tana dariya, ta jure. Matar yayanta ta buɗe baki, ta ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota.

Tana babi na tara, kunnenta ya yi zufa, ta sassauta ɗankwali. Daidai nan Inna, wadda Hajo ta karanta wa na satan tun daga bismilla, ta zo ɗaukar ruwan sanyi.

"Sannu, 'yar nan. Kin zo inda mijin ya mutu? Ni wallahi har tuwo na kasa ci."

Haka yaƙin ya ƙare. Safara'u ta tsira da lahirarta, ba mai bin ta haƙƙi. Amma daɗin ƙarshen labarin ya tafi, wuyanta bai miƙe ba har yau, allon kuwa da shi Inna ke rufe kofin kunu.