Yadda Za Ka Sa Alƙaluma Su Ceci Ƙanin Matarka a Masana'anta

Kai manaja, matso kusa, ajiye wayar nan. Na san abin da ke cin ranka. Mai kamfaninku ya je wani taro ya dawo da sabuwar waƙa: wai daga yau ba wanda zai ƙara yanke shawara da ka, sai da alƙaluma. Za a ɗauki mutum, alƙaluma. Za a kori mutum, alƙaluma. Ko tsintsiya za a saya sai an ga alƙaluma. Kai kuma ga ƙanin matarka a cikin ma'aikata, kowa ya san aikinsa sai addu'a.

Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari ba mai taɓa shi. Ba cika baki nake ba, ina da ɗalibi, Manajan wata masana'antar bokitin roba, wanda ya bi su bai tsallake ko ɗaya ba. Da labarinsa zan koya maka.

Mataki na 1: Ka fara yanke hukunci, sannan ka nemi alƙaluma

Kada ka kuskura ka tambayi alƙaluma abin da ba ka riga ka san amsarsa ba. Masu yin haka su ne ke fama da hawan jini.

Shi Manaja an yanke masa nasa hukuncin tun daga gida. Ƙanin matarsa, Auta, ƙato ne mai gemu da mata da 'ya'ya, shi ke riƙe da inji na uku. Bokitin Auta kuwa, wani ya fito a karkace kamar an zauna a kansa, wani ka ɗaga shi ka hango rana ta gindinsa. Ga shi Mai Kamfani ya ce ƙarshen wata duk injin da ya zo na ƙarshe, mai riƙe da shi ya kama gabansa.

Da safe matar Manaja ta ajiye masa shayi, ta ƙi sakin kofin.

"Baban yara, na ji labarin korar da za ku yi. Ni ban ce ka yi son kai ba. Amma ran da Auta ya rasa aiki, nan zai tare da iyalinsa. Falon nan da kake miƙe ƙafa, nan za su shimfiɗa katifa."

Manaja ya dubi doguwar kujerarsa, ya tuno 'ya'yan Auta da hannuwansu masu maiƙo. Ka ga hukunci ya yanku, saura hujja.

Mataki na 2: Kai za ka zaɓi abin da za a ƙirga

Nan ne asirin yake, buɗe kunnenka. Za a turo injiniya da 'yar na'urar ƙirge, kamar akwatin ashana, ya maƙala wa kowane inji. Kada ka bar shi shi kaɗai.

Injiniya ya tambayi Manaja, "Yallaɓai, a ina zan ɗaura ta? A bakin da bokiti ke faɗowa, ko a jikin ƙarfen nan da ke rufewa yana buɗewa?"

Manaja ya ɓata fuska irin ta masana, ya ce, "A jikin ƙarfen. Can ƙasa ma'aikata za su buge ta da ƙafa."

Shi ke nan, an gama. Daga ranar, duk sanda inji ya rufe ya buɗe, na'ura ta ce bokiti ɗaya. Ko bokitin ya fito, ko bai fito ba, ba ruwanta, ba a ɗauke ta aikin leƙe ba.

Mataki na 3: Ka sayi allo, ƙato

Ba ƙaramin talabijin irin na ɗakin maigadi ba. Wanda sai mutum huɗu sun ɗauka. A kafa shi a bangon da ke kallon ƙofa, kowane inji da layinsa: mai ƙoƙari kore, malalaci ja. Kada lambobin su dame ka, ba mai karanta su. Babban mutum launi yake gani.

Sai dai ka shirya wa makon farko, don yana da ɗaci. Ran da aka kunna allon Manaja, inji na ɗaya kore, na biyu kore, na uku ja zur, har yana ƙyaftawa. Auta ya tsaya gabansa riƙe da ƙugu ya ce, "Kai, Yaya, nawa ya fi na kowa haske!" Manaja ya ji kamar ya shaƙe shi, amma ya haɗiye, ya wuce mataki na gaba.

Mataki na 4: Ka koya wa mutuminka, amma kada maganar ta fito daga bakinka

Manaja ya ja Auta bayan inji, inda ƙara ba ta barin kowa ya ji.

"Auta, ka san injin nan bai san ko akwai roba a cikinsa ko babu ba?"

"Haba Yaya, inji ai ba shi da hankali."

"To, ita ma na'urar haka take."

Auta ya sosa gemu, ya dubi injin, ya dubi Manaja. Wallahi sai da Manaja ya fara zufa kafin maganar ta isa inda aka aike ta.

"Yaya, wato in daina zuba roba?"

"Ni na ce maka haka? Ka ji na ce?"

Washegari inji na uku ya kama gudu ba ciki. Inji ba roba kuwa ya fi sauri, tunda ba sai ya jira bokiti ya huce ba. Kwas, kwas, kwas, kamar mai tafi a gidan biki. Auta ya kifa wani tsohon bokiti ya zauna yana yanke farce, layinsa ya koma kore shar. Ga ƙarin alheri har biyu da ko Manaja bai hango ba: bokitin da ya lalace a inji na uku, babu ko ɗaya, robar da injin ke ci kuma ta ragu ƙwarai. Wanda bai yi aiki ba ai ba ya kuskure. Rubuta wannan ka ajiye.

Mataki na 5: Mai yawan tambaya, ka ba shi nasa koren

A kowace masana'anta akwai mai ido. A ta Manaja, Mai Sito ne. Ya shigo ofis yana juya makullai a yatsa.

"Yallaɓai, allo ya ce inji na uku ya fi kowa, ni kuma kusurwarsa a sito iska ce ke kaɗawa. Ina bokitan?"

"Suna hanya."

"Wace hanya? Daga injin zuwa ƙofata ko gurgu ba zai huta ba."

Kada ka yi masa tsawa, tsawa aikin manajojin da ne. Manaja ya sa aka buɗe sabon layi a allo mai suna "Kaya a Hanya", aka zuba bokitan Auta a ciki. Sannan ya buɗe wani mai suna "Yalwar Wuri a Sito", ya sa sunan Mai Sito a gefe. Da yake siton wayam yake, layin ya fito kore. Mai Sito ya ɗauki hoto a gaban allo ya tura wa surukansa, bai ƙara tambaya ba.

Mataki na 6: Ranar taro, kada ka yi rowar yabo

Ƙarshen wata Mai Kamfani ya zo, aka taru gaban allo. Manaja ya sha sabuwar riga, ya riƙe sandar nuni.

"Ranka ya daɗe, ni ina jin nauyin yabon nawa. Amma dubi inji na uku. Sauri, shi ne na ɗaya. Ɓarna, babu. Cin roba, kamar mai azumi. Ba ni na faɗa ba, alƙaluma ne."

Mai Kamfani ya gyara tabarau, ya matsa har hancinsa na neman taɓa allo. "Ikon Allah! Irin wannan ƙwaƙwalwa aka bari gaban inji guda? Ai wannan zalunci ne." Ya bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa, sai ya waiwayo. "Manaja, na ga na kowa, har na Mai Sito. Ina naka layin?"

"Ranka ya daɗe, ni ai... ni ke kula da allon."

"To ka ga matsalar. Ba ka da lamba, ta yaya zan san kana aiki? Ni na daina yanke shawara da ka. Auta, daga gobe kai ne a ofis. Kai kuma ka riƙe inji na uku, ka fara tara taka lambar. Inji ne mai albarka, ba za ka sha wuya ba."

Aka yi tafi. Manaja ma ya yi, don sandar nunin ta riga ta faɗi daga hannunsa.

Mataki na 7: Ka karɓi sakamako da murmushi

A gida matarsa har da hawayen daɗi. "Baban yara, ashe haka kake son 'yan'uwana? Ka sauka ka ba shi kujerarka! Allah ya saka maka." Ta kira dangi kaf ta shaida musu. Manaja ya ce amin, zuciyarsa kuwa kamar ta fashe. Abu ɗaya ya rage masa na sanyin rai: ya san sirrin inji na uku. Zai kifa bokiti shi ma ya zauna.

Da safe ya iso cikin rigar aiki mai warin sito, ya tarar da injiniya durƙushe a gindin injin da sukudireba. Auta na tsaye a kansa, hannu a baya, ya sa tabarau da ba a san yana da shi ba.

"Yaya, sannu da zuwa. Na zauna na yi nazari, na gano ana iya yi wa kamfani wayo da na'urar nan. Daga yau a bakin faɗowa za ta zauna. Bokitin da ya fito lafiya shi za a ƙirga." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka dage, Yaya. Ka san dokar ƙarshen wata, ni kuma ba na son a ce ina son kai."

Manaja bai taɓa zuba roba a inji ba tun da uwarsa ta haife shi. Bokitinsa na farko ya fito ba gindi.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da alhakin sauke ka daga kujera, ko ciwon baya, ko ƙunar roba a yatsa, ko gaishe da ƙanin matarka da "yallaɓai" kowace safiya. Wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa, ban san shi ba, bai san ni ba. Mai shakka kuma ya je ya gani da idonsa, ɗalibina na nan gaban inji na uku, ƙarƙashin jan layi. Sai dai in ka je kada ka ɗaga murya ka ce "Manaja", don Auta ne zai waiwayo.