Na'urar Dakta Sha-Yanzu

Wannan akwatin ƙarfen da ke bayan ƙofa? A'a, 'yar nan, ba firji ba ne. Jawo kujera, tunda kin tambaya. Ita ce na'urar da mai ita ya rantse za ta sa asibitocin duniya su rasa aikin yi.

Kafin ki fara aiki a nan, akwai wani a ɗakin gwaje-gwaje na sama, ana ce masa Dakta Sha-Yanzu. Gajere ne mai tumbi, farar rigarsa kullum a goge kamar ango, aljihu cike da biro, ba wanda ke rubutu. In ya sauko kantin nan shan shayi, kunnen kowa ya shiga uku. Wai masu binciken magani duk ragwaye ne: a zuba ƙwayoyin cuta a ɗan faranti, a ɗiga magani, sai a harɗe hannu makonni ana jiran su mutu.

"Ni daga safe zuwa azahar na gama," in ji shi. "Ku rubuta ku ajiye."

Ana nan sai wata gidauniya ta ce za ta ba da tallafi ga mai sabuwar dabara, ko da dabarar ba ta fara rarrafe ba, in dai za ta rage wa magani doguwar tafiyar da yake yi kafin ya iso hannun mara lafiya. Dakta ya ce ai da sunansa aka yanka wannan kazar. Ya kulle kansa, ya harhaɗa akwatin nan da wayoyi da fanka da fitilu masu ƙifta ido. Su ƙwayoyin nan, an ce ɗumi suke so, kamar na jikin mutum. Shi kuwa gwanin ya yi lissafi, in ɗumi kaɗan na sa su tafiya, ɗumi mai yawa ai gudu zai sa su. Sai ya ƙure wa akwatin zafi.

Kuma abin ya yi masa kyau. Duk maganin da ya ɗiga, kafin azahar ƙwayoyi sun sheƙa lahira. Har magungunan da wasu suka gwada shekara da shekaru suka yar, a hannunsa sun zama zakaru. Shugaban sashe ya tuna masa ƙa'idar aikinsu, cewa kullum ana sa faranti ɗaya wanda ba a ɗiga wa komai ba, ya zama shaida. Dakta ya ce wannan al'adar matsorata ce, shi ba zai ɓata wuri wa farantin da ba ya aiki ba. Da shugaba ya nanata, sai ya zare makullin ofis ya dangwarar masa a tebur, ya ce a nemi wani, shi kamfaninsa zai buɗe da zarar tallafi ya faɗo. Kin ga ke nan, in babu tallafi, babu ofis, babu aiki.

Ranar da kwamitin gidauniyar zai zo, ya sa aka jera kujeru. Ya gayyato surukinsa, dattijon da ya daɗe yana cewa ya ba da 'yarsa ga rediyo. Ya zaunar da shi a gaba, don ya ga abin da idonsa.

Shugabar kwamitin wata tsohuwar farfesa ce, siririya, muryarta sai ka kasa kunne. Tun safe Dakta ya sa farantinsa, ya cika su da jawabi har azahar, ya buɗe, aka duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyi sun mutu kakaf. Ya waiwayi surukinsa yana gyara wuyan riga.

Farfesa ta tambayi ina farantin shaida. Ya yi 'yar dariya, ya ce Hajiya zamani ya wuce nan. Ta ce to ba komai, ai da safe, yana tsakiyar jawabi, ta roƙi shugaban sashe ya zura wasu faranti biyu a ƙasan akwatin. Aka ciro na farko, wanda aka ɗiga wa ruwan famfo. Ƙwayoyi sun mutu.

Dakta ya gyara tsayuwa. Ya ce ai ruwan ginin nan akwai ƙarfi, ya daɗe yana zargin haka, zai ma bincika.

Aka ciro na biyu, wanda ba a ɗiga wa komai ba. Su ma sun mutu.

Ya ce waɗannan dama raunana ne, tun jiya ya ga ba su da kuzari.

Farfesa ba ta yi musu ba. Ta sa hannu a jakarta ta ɗauko adiko, ta miƙa hannu can lungun akwatin, ta fito da ƙwai guda. Ɗanye ta saya a nan wurina da safe, ni ban ma san me za ta yi da shi ba, ashe tare da farantan aka zura shi. Ta ƙwanƙwasa shi a gefen tebur, ta ɓare. Ya dahu tsaf, har gwaiduwar ta yi gari.

Fankar akwatin na ta kuka. Dakta ya shiga gyara birukan aljihunsa.

Surukin ya miƙo hannu, farfesa ta ba shi ƙwan. Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya gyaɗa kai.

"Ya dahu, yarona, ba a hana ka wannan ba," in ji shi. "Amma daga safe zuwa azahar? Ko a dafa ƙwai, tukunyar surukarka ta fi ka sauri."

Tallafi dai wata baiwar Allah ce ta samu, a wata ma'aikatar. Shi kuwa da ya koma neman makullinsa, ya tarar har an canza kwaɗo. Akwatin aka rasa mai so, aka turo min. Na gwada ƙwai sau ɗaya, masu saye suka gaji da jira suka tafi. Yanzu tsummokaran goge tebur nake shanyawa a ciki.

Bari in tashi, 'yar nan, ga mutanen sama can sun sauko, kuma ruwan shayi bai tafasa ba.