Yadda Na Shayar da Surukina Zamzam da Hagu

Ba zan taɓa mantawa da walimar Alhaji Jauro ba. Ko na so in manta ma, mutanen Toranke ba za su bar ni ba.

Bari in fara da ƙanena Nura, don shi ne silar komai (a ganina dai). Muna yara a Balan ni ne mai zane a gidanmu, ni na koya masa riƙe fensir. Sai yaron nan ya ɓullo da wata sana'a: ya sami tsohon silifa ya sassaƙa hoto a kai da reza, ya shafa tawada, ya ɗora takarda ya murza da bayan cokali. Haka yake buga 'yan littattafansa na barkwanci, labarin wani bunsuru da ya tsaya takarar kansila. Ran kasuwar Ajingi kafin azahar sun ƙare. Daga Kano aka zo aka yi hira da shi, daga baya har ƙasar waje aka kai zanensa. Ni kuwa ina shagon cajin waya, sunana ya koma "yayan Nura". Wallahi abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

To, a lokacin ina neman Hajara, 'yar Alhaji Jauro na Toranke. Da babanta ya kusa dawowa daga aikin Hajji sai ta ce, "Don Allah ka roƙa mana Nura ya zana Baba, a raba wa mutane ran walima."

Nura kuma! Har a bakin Hajara!

Na ce, "Wa ya koya wa Nuran? Ni zan yi." So nake Alhaji ya gani, ya san wanda ke neman 'yarsa shi ma wani ne, ba yayan wani ba.

Na kwashi kayan aikin Nura, na sassaƙa Alhaji da rawaninsa yana shan zamzam, kofi a hannun dama kamar yadda addini ya koyar. Nura ya leƙo ya ce, "Yaya, ka duba shi a madubi kafin ka buga."

Na ce, "Yaro, tun kafin a haife ka nake zane." (Ko shekara uku ban ba shi ba.) Ya tafi abinsa. Na yi ta bugawa, hankalina duk yana kan gemun, don ya fito ras.

Ran walima na sha babbar riga, na bi tabarma-tabarma ina rabawa da kaina, ina cewa, "Aikin hannuna ne." Takarda ta isa hannun Baba Modu, wani tsohon Babarbare, abokin wasan Alhaji. Ya ƙura mata ido, sannan ya ɗaga murya yadda har mata a cikin gida za su ji.

"Jauro, ashe a Makka da hagu ake shan zamzam? Da ma na ce kada a bar Bafulatani ya tafi shi kaɗai!"

Wuri ya kaure da dariya. Na duba tawa takardar. Ashe duk abin da ka sassaƙa a dama, a hagu yake fitowa idan an buga. Maganar madubin ke nan. Na rarraba wa gari guda hoton surukina, sabon alhaji, yana sha da hagu. Alhaji bai yi dariya ba, kallona kawai yake yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai Nura ya miƙe ya ce, "Baba, ku juya takardar ku ɗaga ta saitin rana." Dattawa suka ɗaga. Takardar ba kauri, sai ga Alhaji ta baya da kofinsa a hannun dama.

Aka ɗauki kabbara. "Kai, yaron nan Nura akwai basira!" Alhaji ya kira shi ya sa masa albarka, har da kyautar dabino. Ni da reza ta yanyanka wa yatsu ina tsaye ina zufa. Ya cece ni, na sani, amma wallahi a lokacin ceton ya fi dariyar ƙona mini rai.

An dai ba ni Hajara, alhamdu lillahi. Sai dai har yau idan na je gaisuwa aka kawo mini ruwa, Alhaji kan zuba wa hannuna ido. Idan kuma baƙo ya tambaya, sai ya ce, "Surukina ne, yayan Nura."

Abin da na koya ke nan: idan wanda kake yi wa hassada ya ce ka duba madubi, daure ka duba. Gara madubi ya gaya maka a ɗaki da Baba Modu ya gaya maka a taro.