Ranar Da Na Kara Kunnena A Kan Layin Dogo

Komai zan iya mantawa da shi a duniyar nan, amma ban da ranar da na kai dangin Hauwa ganin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori.

A lokacin ina neman auren Hauwa, 'yar Kano ce, ni kuwa ina koyarwa a wata sakandare a Haɗeja. Gidansu suka turo mutum biyu su zo su ga asalina: yayanta Sani, wanda ba ya dariya sai da dalili, da Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinsu, wadda ba ta buƙatar dalili. Bayan sun gaisa da iyayena, an ci shinkafa da bandar kifi, sai Yaya Sani ya leƙa waje ya ce, "To, nan me ake gani in ban da ruwa da sauro?"

Maganar ta sosa min rai. Na tashi na saka sabuwar shaddata fara, na ari motar abokina, na ce yau sai sun san Haɗeja gari ce.

Gaskiya da farko abin ya yi kyau. Na nuna musu ragowar ganuwa da tsofaffin ƙofofi, na kai su bakin kogi suka ga kwale-kwale na tsallaka da mutane da babura da buhunan riɗi. Bakina bai tsaya ba. Duk abin da na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ƙara masa gishiri (Allah ya yafe min, na ɗan tsawaita ganuwar nan). Har na kama Yaya Sani yana gyaɗa kai. Daɗi ya kwashe ni, na ce ai saura babbar, mu je tasha.

Muka isa rana tsaka. Ga tsohon ginin nan, ga layin dogo ya miƙe ciyawa ta fito a tsakaninsa, awaki na kwance a inuwa. An daɗe rabon da jirgi ya biyo, shi ya sa mata suka baza shanyar barkono a gefen layin, ja wur. Gwaggo ta shiga tsakiyar layin ta tsaya tana murmushi, ta ce tana budurwa ta taɓa wucewa ta nan za su biki Nguru.

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma ina!

"Gwaggo, kin san yadda mutanen da can suke gane jirgi na tafe tun yana nesa?" na ce. "Kunne suke karawa a ƙarfen. Bari ku gani."

Na tattare shadda, na durƙusa, na manna kunnena a kan ƙarfen da tun safe yake shan rana. Zafin ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, amma na daure, ai surukai na kallo. Ina shirin ɗagowa sai na ji wani abu. Gir-gir-gir. Ƙarfen na rawa a kumatuna. Na ƙara mannawa. Sai ƙaruwa yake! Can daga bayan bishiyoyi kuma aka danna wani ƙaton ham.

"Jirgi! Wallahi jirgi ne! Ku gudu!"

Ban san lokacin da na cafko Yaya Sani ta wuyan riga ba. Na fizge shi muka yi tsalle tare, ƙafata ta harɗe da tasa, muka zube rigijib a tsakiyar shanyar barkono. Ƙura ja ta tashi. Na buɗe baki zan ce ya kwanta kar ya motsa, atishawa ta riga ni. Shi ma ya kama. Ni in yi, shi ya yi, kamar muna gasa, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, awaki sun watse, hulata ta gangara ta bi su.

Jirgi dai bai zo ba. Ashe mai injin niƙa ne a jikin layin ya tayar da injinsa, ham ɗin kuma na wata tifa ce da ke wucewa a titi.

Da na samu na buɗe ido ɗaya, sai na hango Gwaggo a inda na bar ta, a tsakiyar layi, ta riƙe ciki tana dariya har mayafinta ya zame.

"Ɗan nan," ta ce da ƙyar, "wato da jirgin gaske ne, ƙaton ka ceta ka bar tsohuwa?"

Sai wata atishawar ta sake ƙwace min. Mai barkonon ta iso tana tafa hannu tana salati. Haka muka tsuguna ni da Yaya Sani muna tsince mata barkono daga cikin yashi, shaddata ta koma ta mahauta, kunnena ya kumbura ya yi ƙwal. Muka shiga mota muka koma gida. Na riga na sallama Hauwa a zuciyata.

Da yamma ta kira ni, ta kasa magana don dariya. Wai Gwaggo ta shaida wa mahaifinsu cewa yaron ba shi da wayon da zai cuci kowa, a ba shi. Yaya Sani kuwa cewa ya yi ko ba komai na damu da ransa, ko da yake idonsa bai daina yaji ba.

Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma har yau ina kai ɗalibaina tashar nan. Sai dai na gane cewa tarihi da baki ake ba da shi, a tsaye, a cikin inuwa. Duk yaron da ya tambaye ni yadda mutanen da can suke jin tahowar jirgi, cewa nake yi ya je ya tambaye su.