Warin da Jatau Ya Kora

A garinmu, Rafin Ɗinya, akwai wani manomin albasa da ake kira Jatau. Mutum ne mai ƙarfi kamar ingarma, mai zuciya kamar ta yaron goye. Abin da ka faɗa masa shi ne abin da ya ji, ba ya leƙa bayan magana. Gidansa mutum uku ne: shi, da matarsa Hansai mai suyar awara, da tsohuwarsa Inna Tabawa wadda ƙafa ta zaunar da ita a bakin ɗaki. Duk garin an san abu biyu game da Jatau. Na farko wautarsa. Na biyu kuwa son da yake yi wa Hansai, wanda ko kaza ce ta cika kallonta sai ya kore ta.

Ana nan sai yayan Hansai da ke birni ya aiko mata da tukunyar gas, irin ƙaramar nan mai murhu a ka, don hayaƙin itace ya fara ɓata mata ido. Tun ranar da tukunyar ta shigo, Jatau bai ƙara samun sukuni ba.

Wata rana maƙwabta suka shigo ganin tukunyar. Hansai ta shafa gefenta tana murmushi, ta ce, "Ai wannan ta share mini hawaye." Jatau yana zaure ya ji. Ya shigo ya zagaya tukunyar, ya duba gabanta, ya duba bayanta, bai ga hannu ba balle mayafi. Abin ya tsaya masa a rai, wai ƙarfe ya riga shi share wa matarsa hawaye. Washegari ya kwaso albasa mafi yaji a gonarsa, ya zauna daf da Hansai, ya hau yanka a ƙarƙashin hancinta. Kan ka ce kwabo idanunta sun cika. Sai ya ciro hularsa ya fara goge mata fuska a hankali, yana hararar tukunyar.

"Malam, lafiya?" in ji Hansai.

"Lafiya lau. Ki ci gaba da kukanki, ina nan."

Shi ma hawayen ke zuba, ba mai share masa. Inna Tabawa ta ce daga bakin ɗaki, "Albasar kasuwa ce dai kake yi wa kaciya, ɗan nema."

Wata rana Hansai ta ji tukunyar tana wani ɗan huci kamar maciji. Aka kira Nafi'u, saurayin da ke ɗura gas da gyaran murhu a bakin tasha. Ya zo a kan babur, ya ɗaure kan tukunyar da kyau, hucin ya tsaya. Kafin ya tafi ya ce wa Jatau, "Baba Jatau, lokaci-lokaci ka riƙa shafa mata kumfar sabulu a wuya. In ka ga kumfar tana tashi, tana yoyo ke nan." Jatau ya riƙe rabin maganar, rabin ya bi iska. Da safe ya ɗebo ruwa a rijiya, ya ɗauko soson Hansai da sabulunta mai ƙamshi, ya fito da tukunyar tsakar gida ya yi mata wanka tun daga wuya har gindi. Ya cuɗa ta, ya ɗauraye ta, ya tsane ta da sabon zane, ya ajiye ta a inuwa kada rana ta taɓa ta.

Hansai ta fito ta tsaya riƙe da ƙugu. Wannan karon ita ce ranta ya sosu.

"Ni tun da aka kawo ni gidan nan, ko ruwan wanka ka taɓa kai mini bayi?"

Jatau ya dube ta sama da ƙasa. Can ya ce, "Ke ma kina yoyo ne?"

Ba ta yi masa magana ba har azahar. Shi kuwa ya kai mata ruwa bayi bokiti bayan bokiti, har wurin ya zama fadama.

Wata rana Nafi'u ya dawo da wata shawara. Ya ce yana da tsari da yake yi wa masu tukunya: a ba shi ɗan wani abu duk kaka, shi kuma ya riƙa zuwa dubawa, in wani abu ya lalace ya gyara ba sai an sake biya ba. Ya kalli Hansai ya ce, "Anti, ko yaushe kika kira ni zan zo, ko ina cikin cin abinci. Daga yau nauyinta yana wuyana." Fuskar Jatau ta haɗe kamar hadarin gabas. Wane ne wannan da matarsa za ta kira ya bar tuwo ya taho? Ya sunkuya ya ɗaga tukunyar, cike take, ya ɗora wa Nafi'u a wuya. Yaron ya durƙushe yana salati.

"Kai ka ce nauyinta yana wuyanka," in ji Jatau. "Ga shi ko tsayuwa ka kasa. Ni kuwa da Hansai da tukunyar duka zan iya kai su tasha a ka."

Da ƙyar Inna Tabawa ta ba Nafi'u haƙuri. Aka shiga tsarin dai, don Hansai ta nace.

Wata rana Jatau ya ce sai ya gwada alkawarin nan. Ya fita ƙofar gida, ya fuskanci tasha, wadda tafiya ce mai nisa, ya buɗe murya ya kira Nafi'u. Ya sake kira. Awaki suka amsa, Nafi'u bai zo ba. Ya koma ciki yana washe baki kamar an yi masa albishir.

"Mutuminki maƙaryaci ne. Na kira shi har maƙogwarona ya bushe."

"A waya ake kiransa, Malam."

"Bai ce waya ba. Ni fa ko tari kika yi ina gona, ina jin sa a ƙirjina."

Hansai ta sunkuyar da kai tana juya awara, amma wata maƙwabciya da ke wurin ta ce ta ga kunnuwanta suna dariya.

Wata rana mura ta kama Hansai, hancinta ya toshe ƙam, ko daddawa ba ta ji. Ba ta yi suya ba ranar. Da hantsi Nafi'u ya kawo tukunyar da ya ɗuro, ya ajiye a kicin, aka ja ƙofa. Da la'asar Jatau ya dawo daga gona, ya tura ƙofar kicin neman ruwa, sai wani baƙon wari ya tare shi. Ya tsaya cak. Ya san ƙamshin Hansai, ya san warin man zafin Inna, wannan ba na gidansa ba ne.

"Wa ya shigo nan?"

"Nafi'u ne, ya kawo tukunya," in ji Hansai.

"Shi ne ya tafi ya bar turarensa yana gadin matata."

Inna Tabawa, wadda ta gaji da mitarsa, ta ce, "To in warin ya dame ka, ka kore shi mana."

Jatau bai jira ba. Ya wangale ƙofa, ya ture tagar da aka daɗe ba a buɗe ba har ta ɓalle, ya ɗauki faifai a hannu biyu ya shiga kora. "Fita. Nan gidan mutane ne. Bi ubangidanka." Hansai ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ta ce bari ta turara wurin kowa ya huta. Ta ɗauko kasko da turaren wuta, ta zaro ashana. Jatau ya yi tsalle ɗaya ya damƙe hannunta.

"Turarenki ba zai gauraya da nasa a gidana ba."

Ya ƙwace ashanar, ya tura Hansai waje, ya goyi Inna ya dire ta a ƙofar gida tana zaginsa. Sannan ya koma yana bin warin da hanci kamar karen farauta, har ya kai ga wuyan tukunyar. "Ashe nan ka ɓuya," ya ce. Ya rungumo ta, ya wuce da ita bayan gari, ya ajiye ta a fili ƙarƙashin ɗorawa, ya ce ta zauna nan har mai turaren ya zo ya kwashi kayansa.

Hansai ta kira Nafi'u a waya, ranta a ɓace, ta ce ya zo ya ga abin da mijinta ya yi. Jama'a suka bi shi har gindin ɗorawa ana ta dariya. Nafi'u ya durƙusa ya kara kunne, ya shafa kumfa a wuyan tukunyar. Kumfar ta tashi tana tafasa. Ya kwance kan, ya ciro 'yar robar da ke ciki, ta tsage biyu. Ya miƙe ya dubi Hansai.

"Anti, tun hantsi take zuba a rufaffen ɗaki. Da kin ƙyasta ashanar nan, da yanzu wani zancen ake yi."

Dariya ta ɗauke. Inna Tabawa ta fara hailala. Jatau kuwa ya dafa kafaɗar Nafi'u ya ce, "Ka ji ko? Sai ka canza turare, yaro. Wannan ba na shiga gidan mutane ba ne."

Hansai ta matso kusa da Jatau. Ta kalli hannun mijinta, har yanzu ashanar tana cikin tafinsa, ya matse ta har kwalin ya lotse. Ta sa hannu biyu ta riƙe hannun nan, a gaban kowa, ita da ko sunansa ba ta iya faɗa a bainar jama'a.

Mata suka koma gida suna cewa wawa ya ci sa'a. Amma da magariba, a gidaje da yawa na Rafin Ɗinya, an sami matar da ta tsaya kusa da mijinta ta ce, "Malam, ba ka ji wani baƙon ƙamshi a ɗakin nan ba?" Mazan suka shaƙa, suka ce, "Miyar kuka ce?"